Layin Ruwa a Bango

Dillalin ya dire bokitin farar ƙasa a tsakar gida, Inna mai gidan ta sa ƙafa ta kifar da shi.

"Haba Inna! Shafa ɗaya ce fa. Gobe mai saye zai zo, in ya ga layin nan rabin kuɗi zai taya."

Baƙin layin ya zagaye ɗakunan daidai ƙirjinta, inda ruwan kogin Komadugu ya tsaya bara. Buhu talatin na tattasai suka ruɓe a ciki, noman shekara guda.

"Yadda yake zan sayar. Kawo shi ya gani da idonsa."

Washegari ya kawo shi, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo Diffa daga Dosso, matarsa na biye da goyo. Dillali sai zuba yake yi, wai ambaliyar bara tsautsayi ce, kafin ita ruwa bai taɓa leƙa unguwar nan ba.

Zuciyar Inna ta tafasa. Maganar nan ya yi mata shekara huɗu baya, da ta gudo daga Tumur ta sayi gidan ta hannunsa, bango fari fat.

Ta ɗauko fartanya, ta kankare bango can sama da tsayinta, inda ta daɗe tana ganin shafen yana kumbura. Farar ƙasa ta zubo. Wani tsohon layi ya bayyana.

"Malam, na ƙasan nan a gabana aka yi shi. Na saman kuwa, tambayi mai bokiti."