Rigar Mai Tsaron Baya

Maigida, ni ba gwanar magana ba ce, ƙwallon ma a bakinka nake jin labarinta. Amma ina ganin ɗingishin da kake yi in ka zaci hankalina na kan tukunya, na kuma ji zancen allurar da za a yi maka kafin wasan Asabar. Ka yi haƙuri in ba ka wani misali.

An yi wani ɗan ƙwallo a ƙasar Sifaniya, mai tsaron baya a kulob ɗin wani ƙaramin gari na bakin teku. A garin kowa nasa ne. Mai burodi kan ajiye masa mai zafi, masunta na ɗaga masa hannu daga cikin jirgi. Amma da an ƙetare gadar garin, ba mai sanin ko wane ne shi. To, 'yan ƙwallo na da al'ada, in an tashi wasa sai a yi musayar riga da abokin karawa. Ran da suka kara da wani babban kulob, ya cire tasa ya miƙa wa tauraronsu, wanda tare suka taso tun suna buga ƙwallo a lungu. Tauraron ya karɓa yana murmushi, idonsa na kan masu hoto. Da mai tsaron bayan zai fita, sai ya hangi rigar tasa yashe a bakin ƙofa ana takawa, sunan da ke bayanta duk ya sha laka. Daga ranar tsoro ya shige shi, kada ya gama kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ana haka aka ce masu neman 'yan wasa za su zo daga babban birni. Gwiwarsa kuwa ta daɗe tana kumbura, ko matakala sai ya dafa bango yake hawa. Bai gaya wa koci ba, kada a ajiye shi a benci. Ya sami mai yi masa allurar kashe zafi a ɓoye. Ita kuwa ba magani ba ce, bakin ciwo kawai take toshewa. Gwiwa na ta roƙon a tsaya, shi ba ya ji. Ran da suka zo kallon wasan, ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, yana dira sai ƙafar ta yi ƙas, kamar an karya rake. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ihun matarsa.

Duniya kam ta san shi. Hoton karayar ya zaga wayoyi, mutane na kallo ido ɗaya a rufe, suna cewa "mai ƙafar nan", ba mai tambayar sunansa. Yanzu burodin sai an kai masa har gida.

Ga ruwan zafi can na ɗora, in gasa maka gwiwar. Hausawa dai sun ce, garin neman gira a rasa ido.