Ƙuri'ar Tsohuwa

Tun daga kwanar titi tsohuwar ta sa direba ya tsaya. Samari biyun da suka rako ta suka yunƙura za su fito, ta ɗaga musu yatsa.

"Ku zauna. Na san hanyar nan tun ba a haife ku ba."

Shekara ashirin rabonta da unguwar, amma a nan ta yi rajista, kuma ta ƙi yarda a sauya mata. Ta taka a hankali, tana kauce wa ramuka. An fara gyaran titin shekara uku da suka wuce, aka kankare kwalta, aka zube tsakuwa, aka kafa allo mai hoton shugaban ƙasa yana murmushi. Allon kaɗai aka gama.

A harabar makarantar firamare layi ya yi tsawo har bakin famfon da ba ya kawo ruwa. Ba wanda ya gane ta. Wata nas da ta taso daga aiki da fararen kayanta ta matsa mata, wani bakanike ya juya bokiti ya ce ta zauna. Ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta kasa kunne.

'Yan takara biyu ne ake ji da su. Akwai shugaba mai ci, mai neman karo na biyu, wanda in ya buɗe baki har kurma sai ya yi tafi. Akwai kuma Injiniya, matar da ta taɓa riƙe hukumar ruwa a wani lardi, wadda jawabinta ke sa mutane hamma, amma famfunan lardin har yau suna zuba.

"Ni dai mutumina nake yi," in ji bakaniken. "Mutum ne mai kirki. Kun ga yadda ya yi hawaye da ya ziyarci asibiti?"

"Ina wurin," nas ta ce. "Ya yi kuka sosai. Da fitilar waya muka haska masa ya ga inda zai share hawayen."

Layi ya kwashe da dariya. Tsohuwar ba ta yi ba, sai dai gefen bakinta ya ɗan motsa. Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka, ta duba, ta mayar.

"Mama, ke kika ga jiya kika ga yau," bakaniken ya ce. "Raba mana gardama."

Ta gyara gilashinta. Ta ce ita ba ta san siyasa ba, raino ta sani. 'Ya'ya bakwai ta goya, kuma a cikinsu akwai wanda duk gidan ba mai zuciyarsa. In ya ga maƙwabci na kuka, shi ma sai ya zauna su yi tare. Amma yana ɗan shekara tara ya kwance rediyon babansa zai gyara, har yau sassan suna cikin gwangwani. Ya fara kejin kaji, ya tsaya a ƙofa, kyanwa ta gode masa. Da ya girma ya fara yi mata ɗaki, ginin ya kai taga ya tsaya, sai ya zo da wani sabon zane mai bene.

"Kuma duk ranar da zai fara, sai ya tara mu ya yi mana bayani mai daɗi, har mu tafa."

"Allah sarki," in ji nas. "Yanzu me yake yi?"

"Aikin gwamnati."

"To Allah ya sa ba babban wuri suka ba shi ba," bakaniken ya ce.

Tsohuwar ta dube shi ta saman gilashi. Can ta tambaye shi, in aka kawo masa mota ya kwance injin, ya yi wa mai ita murmushi shekara huɗu, mai motar zai sake kawo masa wata? Bakaniken ya sosa ƙeya, ya ce wannan daban. Ta ce to. Daga nan layi ya yi ta tafiya har ya kai su bakin aji.

A bayan labulen kwali ne abin ya zo mata da nauyi. Ta shimfiɗa takardar, ta tsoma yatsa a tawada, hannun ya tsaya a sama. Daren jiya ta yanke shawara, ta ɗauka ta gama. Sai ga shi idonta ya ciko. Ta tuna nas da fitilar wayarta, ta tuna matan da ta wuce a hanya da jarkoki a kai. Jami'ar zaɓe ta leƙo ta tambaya ko tana neman taimako.

"A'a, 'yata. Na gane wurin."

Ta dangwala wa Injiniya, ta danna sosai don kada a ce bai fito ba. Ta ninke takardar, ta jefa.

Da ta dawo mota, direba ya miƙo mata tasa wayar da hannu biyu, ya ce sau biyar ke nan ana kira. Ta karɓa.

"Mama, kin jefa? Kin yi abin da ya dace dai ko?"

"Na yi," ta ce wa shugaban ƙasa, tana goge tawadar da gefen gyale. "Na nema maka hutu, ɗana. Ka dawo gida ka ƙarasa mini ɗakina."