Wayoyi a Akwatin Manaja

Saliha ce kaɗai ba ta sa baki ba ranar da ma'aikata suka taso Malam Abarshi gaba a bakin sito.

Shi ne manajan kamfanin sayen masarar da suke wa aiki a Birnin Gwari, shi kuma ya kafa dokar: kowa ya shigo da safe ya jefa wayarsa a akwatin ƙarfe, sai an tashi ya karɓa. Ya ce Facebook da TikTok sun cinye aikin, ana awon hatsi ana kallon rawa. Wanda aka kama da waya, kora ce. Ya taɓa yi, don haka kowa ya san ba wasa yake ba.

Ranar Talata ya tura Philemon direba ya kwaso masara daga Kakangi. Tun da hantsi 'yan sa-kai suka saka a zauren WhatsApp na gari cewa an ga babura sun fito daga daji, kada kowa ya bi hanyar. Saƙon ya shiga wayoyin ma'aikata suna kulle a akwati. Philemon ya tada mota, ya ɗaga wa Saliha hannu tana tsaye a ƙofar sito. Da la'asar aka tsinci motar a gefen hanya, ƙofa a buɗe, babu shi.

"Kai ka miƙa musu shi!" in ji Ɗalha mai awo, yana nuna Malam Abarshi a bakin sito.

Washegari Malam Abarshi ya ɗauke akwatin, amma bai sake komawa daidai ba. Ya rame, ya daina haɗa ido da mutane. Kullum aka tashi sai ya je gidan Naomi, matar Philemon, ya zauna a ƙofa.

Saliha ma ba ta fashin zuwa. Ta yi wanke-wanke, ta goya jaririn Naomi, in aka zuba mata abinci ta ce ta ƙoshi.

"'Yar'uwata, Allah ya saka miki," in ji Naomi wata rana. "Na san da wayarki na hannunki, da kin tsayar min da shi."

Saliha ta duƙar da kai ta ci gaba da wanke tukunya.

Da damina ta yi nisa ba labarin Philemon, Malam Abarshi ya ajiye aiki. A bakin get ya tsaya gaban Saliha.

"'Yata, ke kaɗai ba ki zage ni ba. Da mutum ɗaya tak ya ga saƙon nan..." Ya kasa ƙarasawa.

"Ƙaddara ce, Baba," ta ce, da ƙyar.

Ta bar shi ya tafi da nauyin shi kaɗai, kamar yadda ta bar Philemon ya tafi ranar, ta ja bakinta ta tsuke don tsoron kora, bayan ta karanta saƙon a bayan buhuna, a 'yar wayar da take ɓoyewa cikin hijabi.