Hanyar Kashe-Gwiwa

Tunda ka ce ka tare a sabon gida, ka ja katanga ka sa ƙyaure mai nauyi, wai yanzu ka huta da mutane, to zauna ka ji labarin wani da ya riga ka hutawa.

A bayan wani birni akwai kwari, da can gonakin dawa ne, yanzu gidaje sun cinye shi. Dutse ya tokare shi ta gabas, kuma hanya uku ce ke hawa dutsen. Ta farko ana ce mata Hanyar Kaka. Tana bin bakin rafi, ta ratsa ta ƙofar gidaje, ta lallaɓa har gindin wata kanya a ƙugun dutsen, mai ciwon gwiwa da mai tsohon ciki duk suna iya binta. Ta biyu burtali ne na makiyaya, akwai hawa amma akwai wurin shan iska. Ta uku mafarauta suka sa mata suna Kashe-Gwiwa, a miƙe take sak, sai mutum ya haɗa da hannu. A kwarin nan wani mutum ya gina gida bayan ya ajiye aikin gwamnati. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watsu a garuruwa, sai ranar Juma'a su bugo waya. Likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini. Ya tarar dattawan unguwar su bakwai suna da wata al'ada: da gari ya waye sukan bi Hanyar Kaka, in sun isa gindin kanya babbansu ya duba ko sun cika. In an rasa ɗaya, ba mai karya kumallo sai an je ƙofar gidansa an ji lafiya. Suka yi masa tayi ya zama na takwas. Ya bi su kwana biyu, ya ga tafiyar rabin awa tana cin awa biyu: nan a tsaya barka da haihuwa, can a tsaya ta'aziyya, gaba kaɗan a jira mai tari ya gama tarinsa. Shi kuwa da sauran ƙarfinsa, ga sabon takalmin kambas. Ya ce a ransa jini aka ce ya motsa, ba a aike shi yawon gaisuwa ba. Rana ta uku ya kama Kashe-Gwiwa, ko waya ba ya ɗauka, wai kada a dame shi. Sau biyu dattawan suka ƙwanƙwasa ƙofarsa suka tarar ya riga ya fita, daga nan suka bari, don mai tayi ma yana da kunya.

Ba mugu ba ne, ni ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Shekara huɗu yana hawa shi kaɗai, jikinsa ya yi kyau, likita har yana yaba masa. Amma in ya kai ƙololuwa ya zauna a kan falalen dutse, ya hango rufin gidaje da hayaƙin murhu, ya hango tsofaffin nan bakwai suna jan ƙafa a bakin rafi, sai kewa ta taso masa. Rana ta fito da kyau, ba wanda zai ce wa ya duba. Sai ya kurɓi ruwan gorarsa ya sauko, ya ce wa kansa ai wannan shi ne kwanciyar hankali.

Wata safiya da damina, dutse ya yi gansakuka, yana saukowa santsi ya kwashe shi ya jefa shi cikin wani kwazazzabo, sama kaɗan da kanyar nan. Ƙafa ta karye, haƙarƙari ya bugu, numfashi ma da ƙyar, balle kira. Yana kwance ya ji ƙarar sanduna a kan tsakuwa, dattawan sun iso. Babbansu kunnensa ya yi nauyi, saboda haka komai da ƙarfi ake faɗa masa. Mutumin ya buɗe baki, abin da ya fito bai wuce nishi ba. Ya ji tsohon ya tambaya, "Mun cika?" Aka amsa masa, "Mun cika, Baba." Ya ce, "To, alhamdu lillahi, mu je gida." Ƙarar sanduna ta yi ta nisa har ta ɓace. Nan ya wuni, rana ta gasa shi, ruwan gora ya ƙare, sai bayan la'asar wata mata mai neman akuyarta ta leƙa ta gan shi.

Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙafa ta kama, ko da yake da ɗingishi. Da na je duba shi na tarar da shi a falo shi kaɗai, kujeru shida ba kowa a kai. Na yi masa jajen ƙafa, ya girgiza kai. Ya ce ƙafa ai ta warke, abin da ke hana shi sakat shi ne amsar da ya ji daga gindin kanya, domin ya juya ta ta kowane gefe bai ga inda mutanen nan suka yi ƙarya ba, sun cika ɗin.

Ka ji dalilin da ya sa magabata suka ce zumunta a ƙafa take.