Riɗin Mudi

Mudi ya dawo daga gonakin Gedambaliya hannu babu komai. Wakilin gona ya sallami masu yankan dawa gaba ɗaya, ya ce bana inji ne zai yi aikin. Da Mudi ya roƙe shi, sai ya zage shi a gaban mutane. Mudi ya haɗiye, ya kamo hanya.

Abin da ya rage masa shi ne ɗan riɗin da ya noma a bayan bukkarsa, a gefen garin Gedaref na ƙasar Sudan. Ya yanke, ya ɗaure dami-dami, ya jingina su kai sama don su bushe. Kowane manomi ya san busasshen riɗi bakinsa a buɗe yake, ba a kifa shi sai a kan tabarma. Da shi iyalin za su ci har damina.

'Yarsa Jummare, mai shekara shida, ba ta san wannan ba. Uwarta Lauratu ta tafi ɗiban ruwa, awakin maƙwabta suka shigo. Yarinya ta kama dammunan ta gindi, ta riƙa jan su zuwa cikin gida. Riɗi ya tsiyaye cikin tsagar baƙar ƙasa, inda yatsa ba ya kaiwa.

Da babanta ya iso gida, ta tare shi da murna. "Yaba, na ƙwace maka riɗi daga awaki."

Mudi ya ɗaga dami, ya ji shi sakayau. Ya ɗaga wani, haka. Sai ya jawo sandar bugun riɗi ya hau ta da duka: baya, hannu, kai. Tana cewa "Yaba, ma'alesh, yi haƙuri," yana ƙara mata.

Lauratu ta dawo daga ɗiban ruwa, ta jefar da jarka ta faɗa tsakani. "Halas, Malam, ya isa haka. 'Yarka ce fa, ba wakili ba." Ya hankaɗe ta, haƙorinta ya fita. Sai da ya ga yarinya ta daina kare kanta ya tsaya. Jini na fita ta kunnenta.

Shi ya ɗauke ta a kafaɗa ya nufi asibiti da gudu, yana kiran sunanta. A hanya ta cika.

Ku iyaye, na san yunwa tana cin hankali, amma ba uzuri ba ce. Ba yaro ne ya kore ka daga aiki ba. In zuciya ta ciyo ka, ajiye sanda ka bar gidan sai ka huce. Riɗi ana sake shuka shi baɗi. Jummare ba za ta dawo ba.