Mai Miƙa Kyautar Bana

Da shugaban ƙungiyar 'yan jarida ta Talata Mafara ya kira ta gwarzuwar shekara, sai ta miƙe ana ta tafi. Rahotanninta na rediyo ne suka sa aka gyara magudanar da ta toshe, ruwan Bakolori ya sake isa gonakin albasa na Bakura. Amma tana isa gaban tebur sai ta ga wanda zai miƙa mata kyautar mahaifinta ne, an ɗauko shi tun daga Maradun.

Tun ranar da ta kama aikin nan ya ce bai yarda ɗiyarsa ta riƙa magana duniya na ji ba. Shekaru suka shuɗe, ko gaishe shi ta je ba ya tambayarta aiki.

Ta durƙusa. "Baba, ban san kana tafe ba."

"Tashi, uwata," ya ce. "Gyara ya kawo ni. An ce nan masu rediyo ke taruwa."

Ya zaro wata tsohuwar rediyo ɗaure da roba daga aljihu. Shugaba ya jujjuya ta, ya ce ai lafiyarta lau, maɓallin sauya tasha ne kawai babu.

"Wanga ni na cire shi da hannuna, don yara su bar kauda mani muryarta," in ji tsohon. "So nike a ƙara mata sauti. Kunnena ya fara nauyi."