Masu Jiran Tsaki

"Babbar kwamfutar ta fi iya ɗaukar waƙa," in ji mai kanti a Kano.

"Ƙaramar zan iya goyawa a keke har ɗakin Inna," in ji wani malamin makaranta na ƙauyen Zoza. Waƙar niƙanta yake son ajiyewa kafin muryar ta ƙare.

Inna ta ce ba ta waƙa hannu sake, sai da aka tono dutsen niƙanta aka zuba gero.

Shekara guda da rasuwarta, malamin ya kunna waƙar a tsakar gida. Muryar ta taso a hankali, dutse na gurza ƙarƙashinta. Masu leƙen katanga, ba ni ba, sun ce tsofaffin kajinta ne suka sheƙo, suka kewaye kwamfutar, suna jiran tsaki.